Me ya sa wata PS ke tashi da kanta, wata kuma sai an lallaɓa ta?

A gidajen gem na garuruwanmu akan ga PS3 guda biyu a jere, wato na'urar wasan PlayStation 3 ta kamfanin Sony, duka an yi musu aiki, ma'ana an buɗe makullinsu don su kunna wasannin da aka kwafa, duka cike da wasannin ƙwallo, babu faifai ko ɗaya a cikinsu. Da an ɗauke wuta an tayar da janareta, ɗaya za ta tashi da wasanninta kamar ba abin da ya faru. Ɗayar kuwa sai yaron shago ya ɗauki hannu ya danna wata alama, ya jira 'yan daƙiƙoƙi, wani lokacin ta sanƙare ya kashe ya sake kunnawa, masu jiran layi suna ta ƙorafi. Yawancin mutane suna ɗora laifin a kan mai gyara. Ba laifinsa ba ne. Na'urorin biyu ba ta ƙofa ɗaya aka shige su ba, kuma zurfin ƙofar da aka bi shi ke yanke komai: ko aikin zai zauna daram, ko kamfani zai iya toshe shi, da irin asarar da za a tafka idan hannu ya goce.

Kamfanonin ƙera na'urorin wasa irin su Sony sau da yawa ba daga sayar da na'ura suke cin riba ba, musamman a shekarun farko. Da PS3 ta fito a Nuwamban 2006, ana sayar da mai 60GB a kan dala 599, alhali kamfanin bincike na iSuppli ya ƙiyasta kuɗin haɗa ta ya kai dala 840. Kuɗin yana dawowa ne ta kason da Sony ke karɓa a kan kowane wasa da aka saya. Saboda haka na'urar da ke kunna abin da mai ita ya ga dama asara ce tsantsa a wajensu. Wannan ne ya bambanta tsaron na'urar wasa da na kwamfutar ofis. A ofis ana tsare mai kwamfuta ne daga baƙo. A nan mai na'urar ne da kansa ake tsaron, kuma na'urar tana ɗakinsa, da sukurdireba a hannunsa da lokaci iya son ransa.

Tsaron sarƙa ne. Da an danna makunni, furosesa tana karanta wasu 'yan umarni da aka gasa a jikinta tun a masana'anta, waɗanda ba sa goguwa ba sa sauyuwa. Aikinsu kawai su duba manhaja ta gaba su tabbatar tana ɗauke da hatimin kamfani kafin su miƙa mata ragama. Ita ma ta duba ta gabanta, har a iso babbar manhajar na'urar, wadda ke duba kowane wasa. Hatimin lissafi ne mai mabuɗi biyu: na sirri yana kulle a wajen kamfani, da shi ake bugawa, na fili kuma yana cikin kowace na'ura, aikinsa tantancewa kawai. A waɗannan na'urorin wasa ba a taɓa jin wanda ya fasa wannan lissafi da ƙarfin kwamfuta ba. Abin da ake samu kullum shi ne ƙaramin kuskuren wani injiniya a wani gaɓi na sarƙar.

Mafi sauƙin ɓaraka tana can ƙarshen sarƙa, a cikin wasa ko burauza. A 2008 ƙungiyar Team Twiizers ta lura cewa wasan Zelda mai suna Twilight Princess na Wii, na'urar kamfanin Nintendo, ba ya auna tsawon sunan dokin jarumin idan ya karanto shi daga fayil ɗin ajiyar wasa. An ware wa sunan ɗan gurbi a memori, kamar mudu. Idan aka zuba masa abin da ya fi mudu, ragowar sai ta malala kan abin da ke maƙwabtaka da shi, ciki har da adireshin da furosesa za ta koma bayan ta gama karatun. Wanda ya tsara sunan da kyau shi ke zaɓar inda za ta koma. Da fayil ɗaya a katin SD aka riƙa girka Homebrew Channel, tashar kunna manhajojin haɗin gida, wato waɗanda mutane ke rubutawa da kansu ba da izinin kamfani ba. Amma irin wannan ƙofa ba ta daɗewa. Nintendo ya fara yaƙarta a sabuntawa ta 3.3, ya rufe ta gaba ɗaya a 4.0 cikin 2009.

Wii tana da wata ɓarakar da ta fi wannan zurfi, kuma ta fi ban dariya. Wajen tantance hatimi ana kwatanta lambobi biyu masu tsawon bayit 20 (bayit ɗan ma'aunin bayanai ne a kwamfuta). Injiniyoyin sun yi amfani da umarnin kwatanta rubutu, wanda ɗabi'arsa ita ce ya tsaya da zarar ya ci karo da sifili, domin a wajensa sifili yana nufin rubutu ya ƙare. To idan bayit na farko sifili ne a duka ɓangarorin, sai ya tsaya nan take ya ce sun dace. Hatimin da aka cika da sifili yana ba da sifili a ɓangare ɗaya. Ɗaya ɓangaren kuma sai a yi ta ɗan sauya fayil har lambarsa ta fara da sifili, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin 256, wato ƙiftawar ido a wajen kwamfuta. Kuskuren yana har cikin matakin tashi da ake kira boot1, wanda ba ya karɓar sabuntawa, don haka Wii ɗin farko-farko suka ci gaba da zama a buɗe sai dai a gyara a sababbin da ake ƙerawa.

Labarin PS3 ne ya fi cancantar a zauna a kansa, domin shi ne amsar tambayar gidan gem. Na'urar ta yi kusan shekara huɗu ba a kunna wasan sata a kanta ba. Ta zo da wani zaɓi mai suna OtherOS da ke ba mutum damar girka Linux, babbar manhajar da ke mayar da na'urar kwamfuta, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfutar lissafi da su. A 2009 samfurin Slim ya fito babu wannan zaɓi. A Janairun 2010 George Hotz ya sanar cewa ya kutsa cikin manhajar da ke gadin na'urar ta hanyar Linux ɗin, yana taɓa layin memori da ɗan bugun lantarki a daidai lokacin da ya dace. Sony ya mayar da martani ranar 1 ga Afrilu da sabuntawa ta 3.21, wadda ta cire OtherOS daga na'urorin da mutane suka riga suka saya da kuɗinsu. A watan Agusta sai ga wani ɗan filash mai suna PS Jailbreak a kasuwa. Yana yi wa na'urar shigar burtu, ya nuna kansa a matsayin mahaɗar USB mai ramuka da yawa, ya yi ta haɗawa da cire na'urorin bogi masu bayanan da suka wuce kima har memori ya rikice. Wannan ɓarakar manhaja ce, kuma sabuntawa ta 3.42 ta toshe ta cikin makonni.

Babbar faɗuwar ta zo a ƙarshen Disamban 2010, a taron masu kutse na 27C3 a Berlin, inda ƙungiyar fail0verflow ta nuna abin da ta gano a hatimin Sony. Tsarin da suke amfani da shi, ECDSA, yana buƙatar sirri biyu a duk bugu: mabuɗin kamfani, da wata lamba ta ƙuri'a da ake zaɓa sabuwa fil kowane lokaci, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar. Kowane hatimi tamkar lissafi ɗaya ne mai abubuwa biyu da ba a sani ba, don haka ba ya warwaruwa. Idan aka buga hatimi na biyu da sabuwar lamba, an ƙara lissafi ɗaya amma an ƙara abin da ba a sani ba ɗaya, ana nan inda ake. Sony kuwa lamba ɗaya ya riƙe yana maimaitawa. Alamar ma a fili take, domin rabin farko na hatimin ya dogara ne ga wannan lamba kaɗai, sai ya zama iri ɗaya a fayiloli daban-daban. Hatimi biyu, lissafi biyu, abubuwa biyu da ba a sani ba: ɗan sakandare mai jin aljabara ya san abin yi. A ɗebe ɗaya daga ɗaya a fitar da lambar, a mayar da ita a fitar da mabuɗin sirri. Kwanaki kaɗan bayan haka Hotz ya wallafa mabuɗin wani mataki na can ƙasan sarƙar mai suna metldr.

Daga nan ba maganar tsallake mai gadi ake ba. Kowa zai iya buga hatimin da na'urar ba ta da hanyar bambanta shi da na Sony. Kamfanin ya kai Hotz kotu a Janairun 2011, suka sasanta bayan 'yan watanni, ya sauya mabuɗai a 3.56, ya sake fasalin matakan tashi a 3.60, amma a 2012 mabuɗan wannan sabon tsarin ma suka fita. Abin da ya rage masa shi ne sauya tushen a masana'anta. Shi ya sa lambar samfurin da ke bayan na'ura take da muhimmanci. Duk masu ƙiba na farko, da Slim masu CECH-20 da CECH-21, da wani kaso na CECH-25, suna karɓar cikakkiyar manhajar da aka sauya, a rubuta ta a jikinsu ta zauna. Ita ce PS ɗin da ke tashi da kanta. Masu CECH-30 da duk Super Slim tushensu sabo ne, ba su yarda da wancan hatimi. Su sai PS3HEN, wanda ya fito a 2019. Ana shigar da shi ta burauza, kuma gyaran da yake yi a memori yake zaune, memori kuwa da wuta ta ɗauke ya manta komai. Dole a sake tayar da shi a kowane kunnawa, kuma da yake ya dogara ne ga rikita memori, ba kullum yake faɗawa daidai ba.

Hatsarin ma ba ɗaya ba ne. Mai HEN mafi munin abin da yakan same shi shi ne sanƙarewa. Mai rubuta cikakkiyar manhaja kuwa yana taɓa cif ɗin da na'urar ke tashi da shi, NAND mai 256MB a tsofaffin masu ƙiba, NOR mai 16MB a na baya. A cikin cif ɗin akwai bayanan da suka keɓanta da wannan na'ura ita kaɗai. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko aka tilasta wa samfurin da bai dace ba, na'urar ta zama bulo, wato ba ta ƙara tashi, kuma kwafin cif ɗin wata na'urar ba zai tashe ta ba. Masu aiki da hankali sukan kwafi cif ɗin sau biyu ko uku, su gwada kwafin su ga sun zo iri ɗaya, kafin su rubuta komai. A inda wutar ba ta da alƙawari, yin wannan aiki ba tare da inbata ko batirin ajiya ba caca ce.

Nintendo Switch ta nuna wani salo: ɓarakar da ba ta gyaruwa, amma kuma ba ta zama. Furosesarta Tegra X1 ce ta kamfanin Nvidia, tana da yanayin ceto mai suna RCM da aka tanada domin masana'anta, inda take karɓar manhaja ta USB, mai hatimi kaɗai. A Afrilun 2018 Kate Temkin ta bayyana ɓarakar da ta kira Fusée Gelée, fail0verflow ma suka fitar da tasu a kan kuskure ɗaya. A wannan yanayi, idan kwamfuta ta tambayi na'urar halin da take ciki, amsar bayit biyu ce kacal, amma umarnin yana kwafar duk tsawon da mai tambaya ya faɗa, har zuwa bayit 65,535. Mudu ya sake malala, kuma yana malala ne kafin a kai ga duba hatimi. Shiga yanayin kansa yana buƙatar wani maɓalli da Switch ba ta da shi a zahiri, sai dai layinsa yana kan fil na 10 a layin da ake zura hannun wasa na ɓangaren dama. A haɗa shi da layin ƙasa na lantarkin na'urar, a riƙe maɓallin ƙara sauti, a kunna. Mutane sun yi da ɗan ƙarfen maƙala takarda, wasu kuma sun ƙona na'urarsu, domin fil na 4 yana ɗauke da bolt 5, ƙarfen ya ɗan karkace ya taɓa shi shi ke nan.

Da yake kuskuren yana cikin umarnin da aka gasa a furosesa, babu sabuntawar da za ta kai gare shi. Duk Switch ɗin da ta bar masana'anta kafin tsakiyar 2018 a buɗe take har ta mutu. Sai dai babu mabuɗin hatimi a hannun kowa sai kamfanin, don haka ba a iya rubuta abin da na'urar za ta yarda da shi da kanta. Duk kunnawa daga kashe sai an sake tura mata manhajar ta USB. Wasu sukan lalata bayanan tashi da gangan domin na'urar ta riƙa faɗawa RCM ba tare da taɓa fil ba. Illarsa ita ce fuskar takan zauna baƙa ƙirin, mai ita ya ɗauka a kashe take alhali tana shan batir, kuma a wannan yanayi caji a hankali yake shiga, har a zaci ta lalace.

Nintendo ya fara gyara a masana'anta, sannan a 2019 ya koma sabuwar furosesa, wadda ke cikin masu lambar XKW da XKJ, da Lite, da OLED ta 2021. Waɗannan sai an dasa musu wani ɗan cif na daban. Dabarar tsohuwa ce, Xbox 360 ta kamfanin Microsoft ta sha ta a 2011 a hannun GliGli da Tiros: a sa furosesa ta yi tuntuɓe a daidai lokacin da take kwatanta lambobin tantancewa, ta hanyar bugun da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, sai ta ce sun dace alhali ba su dace ba. A Switch ana jan wutar furosesar ne ƙasa na ɗan wannan lokaci. Cif ɗin yana gwadawa yana sakewa har ya dace, shi ya sa tashin yakan ɗan yi jinkiri. Aikin dalma ne a kan kafasitoci masu girman ƙwayar gero a jikin furosesa, a OLED kuma akwai layin da ke ɓoye ƙarƙashin cif ɗin ajiya. Ba aikin koyo ba ne, kuma ba a yin sa babu madubin ƙara girma.

Akwai hujjar da masu haɗin gida suka daɗe suna kafawa, fail0verflow ma sun kafa ta a Berlin: ƙwararrun da ke iya fasa tushe Linux da manhajojinsu suke so, ɓarayin wasa kuwa a bayansu suke rakuɓewa, don haka kamfanin da ya bar wa ƙwararru ƙofa ya huta. PS3 tana goyon bayan wannan, ta zauna lafiya muddin OtherOS yana nan. Xbox One ma haka, Microsoft ya buɗe yanayin masu ƙirƙira da kowa zai iya shiga, a lokacin a kan dala 19, na'urar kuma ta haura shekara goma ba a ga hanyar kunna wasan sata a kanta a fili ba. Haɗin gida kuma ya haifar da abubuwa na gaske. Manhajar kallon finafinai ta Kodi ta faro ne a matsayin XBMC a kan Xbox ta farko da aka fasa. Amma hujjar rabin gaskiya ce. Tun 2006 ake kunna kwafaffun faifai a Xbox 360 ta hanyar sauya manhajar injin faifan kawai, hanyar da ba ta kunna haɗin gida ko ɗaya, masu neman kuɗi ne suka yi abinsu. Xbox One kuma ba kirki kaɗai ya tsare ta ba, an gina tsaron a cikin furosesar ne da zaton mai ita zai kai mata hari da waya da dalma. Sannan duk wanda ya san kasuwar ya san cewa cikin masu kai na'ura a yi mata aiki, mai neman Linux ɗaya ne cikin taro.

Hukuma ma tana bambanta masu haɗin gida da masu neman kuɗi a aikace, ko da doka ba ta cika bambantawa ba. Dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ta haramta tsallake makullin da ke kare haƙƙin mallaka. An sassauta wa wayoyin hannu a 2010, aka hana na'urorin wasa a 2012. Duk da haka waɗanda aka fi kamawa su ne masu sayarwa. Team Xecuter sun riƙa sayar da SX OS, manhajar kunna wasannin sata a Switch, wadda, abin mamaki, ita ma ta zo da nata makullin don kada a sace ta. Gary Bowser, mai kula musu da shafuka, an yanke masa wata 40 a kurkuku a Fabrairun 2022, da diyyar dala miliyan 4.5, ban da miliyan 10 a shari'ar da Nintendo ya shigar daban. A Maris na 2024 masu Yuzu, manhajar da ke kwaikwayon Switch a kwamfuta, suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe. Najeriya ma sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shigo da haramcin tsallake irin wannan makulli. A gefe guda kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da shagon PlayStation ke karɓa a hukumance, mai son saye da halalinsa sai ya buɗe asusu da sunan wata ƙasa ya nemi katin kuɗinta. Wannan ba ya halatta kayan wani, amma yana bayyana dalilin da ya sa na'urar da aka yi wa aiki ta zama ita ce ta yau da kullum a kasuwa.

Sony ya sauya dabara a zamanin PS4. Tun 2020 yake biyan masu gano ɓaraka ta dandalin HackerOne, a lokacin ya sanar da lada daga dala 50,000 zuwa sama ga mai tsanani. Mai bincike ya kai rahoto, a biya shi, a toshe a sabuntawa ta gaba, sai daga baya a ba shi izinin bayyanawa. Haka aka yi da PPPwn na Andy Nguyen, wanda ya fito a 2024 yana aiki har zuwa manhaja ta 11.00, bayan an riga an rufe ƙofar a wadda ta biyo ta. Kafin shi akwai na 9.00 a ƙarshen 2021, mai buƙatar a zura filash da aka tsara musamman a daidai lokacin da burauza ta nema. Duka a matakin babbar manhaja suke, ba su taɓa tushe ba, don haka PS4 ɗin gidan gem 'yar uwar Super Slim ce, kullum sai an tashe ta. PS4 kuma ba ta yarda a koma tsohuwar manhaja ta hanyar da aka saba, saboda haka darajar na'urar a kasuwa tana rataye ne da lambar da ke cikin saitinta. Shi ya sa mai shagon da ya san abin da yake yi yakan kashe saukar da sabuntawa ta kai tsaye, ya goge kalmar sirrin intanet daga na'urar, ya kuma hana kowa zura mata faifan sabon wasa, domin faifan kansa yana zuwa da sabuntawa a cikinsa, kuma yaro ɗaya mai gaggawar fara wasa ya isa ya danna amincewa.